Rigimar Layi Biyu: Tarihin Auna Abin da Ido Ke Gani

A shekarar 1889 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe mai suna Franz Carl Müller-Lyer ya buga wani ɗan zane a mujallar masana. Layi biyu ne miƙaƙƙu, tsawonsu ɗaya. Na farko an rufe bakinsa biyu da kan kibiya, na biyu kuwa an buɗe bakinsa biyu sun yi gwafa. Duk wanda ya duba sai ya ga mai gwafar ya fi tsawo. Ka ɗauko rula ka auna, ka tabbatar daidai suke, ka ajiye rular ka sake dubawa, mai gwafar nan dai shi ne dogo a idonka. Sanin gaskiya ba ya warkar da wannan ruɗi. Shi ya sa masana halayyar ɗan Adam suka riƙe zanen gam, domin ya raba abin da mutum ya sani da abin da idonsa ke ba shi.

Ba Turawa ne suka fara lura cewa ido na yin kuskure ba. Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira, ya kasa shi kashi bakwai, ya ware kashi na uku kacokan ga kurakuran gani. A wurinsa hasken da ke shiga ido bai isa ya zama gani ba, sai hankali ya yi kiyasi, kuma kiyasin yana da saurin da mai shi ba ya jin ya yi. Bayan ƙarni takwas Hermann von Helmholtz ya zo da magana mai kama da wannan a littafinsa da ya kammala a 1867. Abin da ya rage shi ne ma'auni. Ta yaya za ka sa lamba a kan abin da ke cikin kan wani, alhali ba ka da hanyar leƙawa?

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Gustav Fechner, malamin kimiyyar fiziya a Leipzig. Ya taɓa lalata idanunsa wajen kallon rana ta cikin gilasai masu launi, yana binciken inuwar da ke saura a ido bayan an kau da kai, har ya bar koyarwa ya yi shekaru yana gudun haske. Da safiyar 22 ga Oktoba 1850, yana kwance, tunani ya zo masa cewa ana iya auna ji da gani ta bayan gida: ka riƙa canza abin da ke waje kaɗan-kaɗan, wanda kana iya aunawa, kana ƙirga amsoshin mutum. A littafinsa na 1860 ya tsara hanyoyi uku da har yau ake aiki da su. Ko ka riƙa ƙara abu sannu a hankali har mutum ya ce ya ga bambanci, ko ka ba shi ya daidaita da hannunsa sau da yawa ka ɗauki matsakaicin kuskurensa, ko kuma ka jera masa misalai a hargitse, kowane ya ce wanne ya fi, ka ƙirga.

Idan aka ɗora wannan a kan layukan Müller-Lyer, sai a riƙa tsawaita mai kan kibiya har a kai inda mai kallo ya kasa zaɓa, rabin lokaci ya ce wannan, rabin lokaci ya ce wancan. Ƙarin da aka yi kafin a kai nan shi ne girman ruɗin a idonsa. Daga ranar da ruɗi ya zama lamba, sai tambaya ta gaba ta taso da kanta: lambar nan ɗaya ce ga dukan 'yan Adam?

A 1898 Jami'ar Kambirij ta tura ayari ƙarƙashin Alfred Haddon zuwa tsibiran Torres, tsakanin Ostareliya da Sabuwar Gini. A cikinsu akwai likita W. H. R. Rivers da ɗalibansa biyu, Charles Myers da William McDougall. Suka sauke kayan gwaji a tsibirin Mer suka yi watanni suna auna gani da ji da taɓi na mutanen wurin. Zancen da ya cika Turai a lokacin shi ne wai mutanen da suke kira na daji sun fi Bature kaifin ido da kunne, wai kuma abin da suka samu a gaɓɓai sun rasa shi a hankali. Rivers ya auna, ya tarar kaifin idon mutanen Mer bai wuce na Bature mai lafiyar ido da wani abin kirki ba. Abin da matafiya ke mamaki, kamar hango kwalekwale daga nesa, sabo ne da sanin abin da ake nema a teku.

Kan ruɗin ido kuwa ya samo abin da ya fi wannan daɗewa. Ya ba su wani allo mai zamiya su daidaita layukan Müller-Lyer da hannu, sai ya ga kuskurensu bai kai na Turawan Ingila ba. Amma a wani zanen, inda layi tsayayye ke zama kamar ya fi kwantacce tsawo, kuskurensu ya fi na Turawan. Da ya je wurin mutanen Toda a duwatsun Nilgiri na kudancin Indiya a 1901 zuwa 1902, haka ya sake samu. Wannan saɓani yana da daraja ƙwarai. Da rashin fahimtar tambaya ne ko rashin kula ya jawo bambancin, da an sa ran su fi yin kuskure a zanen biyu duka. Bambanci mai fuska biyu yana da wuyar ɗora wa jahilci.

Duk da haka aikin yana da rauni, kuma an faɗa. A 1916 Edward Titchener na Jami'ar Cornell ya yi wa rahoton ayarin fida. Gwaji a fili, cikin hayaniya, da gurɓataccen Turanci a matsayin harshen sadarwa, ba ya iya ɗaukar nauyin hukuncin da ake ɗora masa. Sukarsa ta fi ƙarfi a kan gwajin launi da na fata, amma ta shafi aikin gaba ɗaya, kuma aka yi shekaru kusan arba'in ba wanda ya koma kan maganar da gaske.

Ta sake tashi ne a Jami'ar Northwestern da ke Evanston kusa da Shikago, daga gardamar malamai biyu. Melville Herskovits masanin al'adu ne, ya yi bincike a Dahomey a 1931, kuma ya yi imani al'ada na shiga har cikin yadda mutum ke ganin duniya. Donald Campbell masanin halayya ne mai tsananin taka-tsantsan, wanda sunansa ya fita wajen koya wa masu bincike su tambayi kansu wane bayani ne kuma zai iya haifar da sakamakon da suka samu. Maimakon su ci gaba da musu, a 1956 suka shirya gwaji, daga baya Marshall Segall ya shigo.

Abin da ya ɗaga aikinsu sama da na Rivers shi ne sun faɗi hasashensu tun kafin lambobi su zo. Na farko shi ne wanda ya shahara da sunan duniyar kafinta. Yaron da ya tashi cikin ɗakuna masu kusurwa huɗu, da tebur da akwati da titi miƙaƙƙe, idonsa ya saba cewa duk karkatacciyar kusurwa da ta faɗo masa, a zahiri kusurwar bango ce da ta shiga ciki ko ta fito waje. Richard Gregory na Ingila ya fayyace wannan a 1963. Tsayar da layi mai gwafa, za ka ga kamar lungun ɗaki ne da ya yi nisa da kai. Tsayar da mai kan kibiya, kamar gefen gini ne da ya turo kusa. Ƙwaƙwalwa ta saba ƙara girman abin da take ɗauka na nesa ne, sai ta ƙara wa mai gwafa. In haka ne, wanda ya tashi a bukka zagayayya bai kamata zanen ya ruɗe shi sosai ba. Hasashe na biyu ya ce mazauna fili fetal, waɗanda suka saba ganin doguwar hanya ta tafi gabansu ta zama gajeren layi tsayayye a ido, su ne za su fi ganin tsayayyen layi da tsawo, mazauna kurmi kuma su fi kowa tsira.

Suka buga ƙaramin littafin zane mai ɗaukuwa a jaka, aka yi amfani da ja da baƙi domin a iya amsawa da nuni ko da kalma ɗaya. A farkonsa akwai zanen da bambancinsu a bayyane yake, don a gane wanda bai fahimci tambayar ba tun kafin a shiga. Kowane ruɗi an maimaita shi da tsawo daban-daban, yadda amsoshin mutum ya kamata su bi tsari: in ya yarda layi ya fi tsawo da ƙari kaɗan, to ya kamata ya yarda da ƙari mai yawa. Suka raba littafin ga masu bincike da ke zaune a wurare daban-daban, aka yi kimanin shekara shida ana tattarawa. Mutum 1,878 suka amsa, daga rukuni 14 da ba na Turawa ba da rukuni uku na Turawa. Akwai Ijaw na yankin Neja Delta, da yaran Dahomey, da Bete na Kodebuwa, da Toro da Ankole na Uganda, da Zulu, da San na hamadar Kalahari, da Hanunoo na Filifin. Taƙaitaccen sakamako ya fito a mujallar Science a 1963, shekarar da Herskovits ya rasu, littafin kuma a 1966.

Lambobin sun goyi bayan Rivers. Mutanen Evanston sai an ƙara wa layi mai kan kibiya kusan kashi 20 cikin ɗari kafin su ga daidai, manyan San kuwa kusan ba sa bukatar ƙari. A zanen tsayayye da kwantacce abin ya juya, al'ummomin Afirka da dama suka fi Turawa ruɗuwa. Wannan ya shiga littattafan karatu ya zauna, kuma daga nan aka fara gina masa gardama, wadda ita ce a ganina ta fi sakamakon kansa amfani.

Tun a 1957 Gordon Allport da Thomas Pettigrew sun nuna yadda amsa ke rataye da yanayin gwaji. Sun kai wa yaran Zulu a Natal wata na'ura ta Adelbert Ames, allo da aka yanka da siffar taga, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yana juyawa zagaye amma mai kallo na ganin kamar kaiwa da komowa yake. Da aka sa yara su kalla da ido biyu daga kusa, yaran ƙauye masu zama a bukkoki ba su ruɗu kamar yaran birni ba. Da aka rufe musu ido ɗaya aka matsar da su nesa, kusan kowa ya ruɗu. Mai binciken da ya tsaya a yanayi ɗaya, da ya koma gida da rabin labari yana tsammanin cikakke ne.

A 1966 Gustav Jahoda ya ɗauki littafin zanen nan zuwa Gana, ya yi abin da ya kamata a yi: ya bar kwatanta Baƙi da Turawa, inda komai ya bambanta lokaci guda, ya kwatanta Baƙi da Baƙi. Ya gwada Lobi da Dagomba na filin arewa da kuma Asante na kurmi masu gine-gine masu kusurwa. Bambancin da hasashen ya yi alkawari bai fito ba. Nan ma akwai wata matsala da duk Bahaushe zai gane da sauri. A gida ɗaya a ƙasar Hausa kana iya shiga zaure zagayayye, ka wuce rumbu, ka ƙare a soro mai kusurwa huɗu. A wane mataki na duniyar kafinta za a ajiye yaron gidan? An auna ruɗin ido da lamba, amma muhallin da ake cewa shi ne sanadi, kimantawa aka yi da ido.

Sai kuma abokin hamayya na gaske ya fito. Robert Pollack a Amurka ya ce ba gida ba ne, ido ne da kansa. Tantanin bayan ido yana da duhun launi da ya bambanta tsakanin mutane, mai duhu sosai ba ya kama gefen layi da ƙarfi ɗaya da mai haske, saboda haka gwafar ba ta jansa sosai. A 1967 shi da abokin aikinsa Silvar suka ba da rahoton cewa yara masu duhun tantani ba su ruɗuwa kamar sauran, a 1971 kuma John Berry ya sami cewa a cikin al'ummomin da ya gwada, launin fata ya fi yawan kusurwa bin sahun lambobin. Hasashe biyu ke nan, kowane na iya bayyana abin da aka gani a littafin 1966, domin a can masu duhun fata su ne kuma mazauna bukkoki.

Yadda Mary Stewart ta warware wannan a 1973 abin koyarwa ne. Ta nemi wurin da hasashen biyu za su faɗi abubuwa mabambanta. A Evanston ta gwada yara baƙaƙe da farare da suka tashi a gari ɗaya: launi daban, muhalli ɗaya. Ba ta sami bambancin kirki ba. A Zambiya ta gwada yara baƙaƙe daga ƙauyukan kwarin Zambezi har zuwa birnin Lusaka: launi ɗaya, muhalli daban. Ruɗin ya riƙa ƙaruwa yadda ake matsowa birni. Hasashen launi ya sha ƙasa, duniyar kafinta ta miƙe.

Amma akwai abubuwan da duniyar kafinta ba ta taɓa iya haɗiyewa ba. In ka cire gwafa da kan kibiya ka sa da'irori a bakin layukan, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ruɗin na nan, kuma da'ira ba ta kama da lungun ɗaki. In ka yi zanen da waya mai tudu ka ba mutum ya shafa da yatsa ido a rufe, yana jin mai gwafar ya fi tsawo, har makafi ma haka. Ƙananan yara sun fi manya ruɗuwa, abin da Alfred Binet ya lura da shi tun 1895, alhali in daɗewa cikin kusurwoyi ne ke koyar da shi, babba ya kamata ya fi. An horar da tantabara da biri da aku da ƙananan kifaye su zaɓi dogon layi, da aka nuna musu zanen suka zaɓi mai gwafa. Ko a cikin lambobin 1966, leburorin ma'adinai na Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda ruɗin ya fi yi wa kaɗan, su da ke kwana suna tashi cikin gine-ginen kamfani.

Duk da waɗannan, labarin ya ƙara suna a 2010. Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka rubuta wata maƙala da ta girgiza fannin, suna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, sannan a riƙa cewa haka ɗan Adam yake. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ya daɗe bai zo ba. Misalin da suka sa a gaba shi ne San da mutanen Evanston. Daga nan zancen ya bazu a gajarce, wai akwai mutane a Afirka da zanen ba ya ruɗa sam. Abin da ke damuna a nan shi ne an ɗauki amsoshin da aka karɓa ta bakin tafinta a shekarun 1950 da 1960, ana ta maimaita su, maimaitawar ta fi sake gwajin yawa nesa ba kusa ba. Mutanen da ake cewa an manta da su a bincike sun cancanci a koma wurinsu da kayan aiki na ƙwarai.

Gwaji mafi tsauri ya zo daga Indiya a 2015. Pawan Sinha na da wani shiri a Delhi mai suna Prakash, inda ake yi wa yaran da aka haifa da yanar ido aiki kyauta. Tapan Gandhi da abokan aikinsa suka gwada yara 9, masu shekaru 8 zuwa 16, cikin awa 48 da cire musu yanar. Yaran nan ba su taɓa ganin lungun ɗaki ba, iyaka su bambance haske da duhu. In sabo da kallon kusurwa ne tushen ruɗin, bai kamata ya kama su ba. Ya kama su nan take, sun nuna mai gwafa kamar yadda sa'o'insu masu gani suka nuna. Yara tara ba su da yawa, kuma tambayar da aka yi musu ta wanne ya fi ce, ba ta auna girman ruɗin ba. Amma hasashen ya ce abu ba zai faru ba, ya kuwa faru.

A 2025 Dorsa Amir da Chaz Firestone suka tattara waɗannan hujjoji a mujallar Psychological Review, suka kuma koma kan tsohon littafin zanen. Masu tattara amsa sun bambanta, kowane da tafintansa, wanda ke riƙe da littafin ya san abin da ake fata, kuma an zubar da amsoshin da ba su bi tsari ba. Segall da abokansa ba su ɓoye waɗannan ba, Campbell ma ya rubuta maƙala guda a 1964 kan wuyar raba bambancin gani da kuskuren sadarwa. Wuyar ta gaske ce. Mutumin da baƙo ya zaunar ya buɗe masa takarda, in ya gane ana son a yaudare shi, yana iya auna layin a ransa ya ba da amsar da ya san daidai ce ko da idonsa na faɗa masa wani abu. Tun 1954 Wilson Tanner da John Swets a Michigan suka fito da lissafin da ke raba kaifin gani da halin mai amsa, wato mai saurin cewa na gani da mai jan ƙafa. Lissafin ya yi aiki sosai wajen gano haske mai rauni. A ruɗin tsawo kuwa bai isa ba, domin karkatar ido da karkatar baki duk lamba ɗaya suke motsawa.

Hukuncina shi ne kafinta bai ƙirƙiri wannan ruɗi ba, hujjar dabbobi da ta yatsa da ta yaran Delhi sun yi yawa a kauce musu. Ko muhalli na ƙara masa ƙarfi ko ya rage, wannan tambaya ce daban, kuma aikin Stewart a Zambiya yana nan ba a rushe shi ba. Masu ra'ayin cewa muhalli na da tasiri sun koma arewacin Namibiya, wurin makiyayan Himba. A 2007 Jan de Fockert da abokansa suka nuna cewa ruɗin Ebbinghaus, inda da'ira ke ƙanƙancewa in manyan da'irori sun kewaye ta, bai kama Himba kamar yadda ya kama mutanen Ingila ba, bincike na baya kuma ya nuna Himba da suka zauna a gari sun fi na ƙauye ruɗuwa. A 2025 Ivan Kroupin da abokan aikinsa suka kai musu wani zane da ana iya ganinsa murabba'ai ko da'irori. Mutanen Amurka da Ingila murabba'ai suka fara gani, Himba na ƙauye kuwa da'irori. A wannan karon ba a tambayi kowa wanne ya fi tsawo ba, an tambaye shi me ya gani, kuma zanen ba shi da amsar daidai da mutum zai yi ƙoƙarin cankowa don ya faranta wa baƙo.